Na Kasa Raba Gidana da Leda da Famfas, Shin Ƙoƙarina Ya Tashi a Banza?

Wata malamar makaranta daga Kano ta rubuto cewa wata shida ke nan tana ƙoƙarin rage sharar gidanta. Tana da 'ya'ya huɗu, ƙaraminsu yana da wata bakwai, kuma surukarta mai ciwon sukari tana zaune tare da su. Ta daina karɓar leda a kasuwa, ta mayar da jaririn kan nafkin, ta kuma yi niyyar daina sayen ruwan leda. Yanzu gajiya ta sa ta koma famfas, maigida kullum da cefane a leda yake shigowa, ita kuwa tana kallon bidiyon wata Baturiya da ke nuna sharar shekara guda a cikin kwalba ɗaya. Tana tambaya ko ta haƙura ta bari, tunda ta kasa yin abin yadda ya kamata.

Malama, a shekarun da na yi ina aikin duba-gari, ina shiga gidaje da lunguna, ban taɓa ganin gidan da ba ya fitar da shara ba, kuma ban taɓa rubuta wa wani magidanci takardar gargaɗi don kwandon shararsa ya cika ba. Abin da ke tsayar da mu a ƙofar gida shi ne irin sharar da aka fitar da kuma wurin da ta ƙare. Kuskuren da na hango a wasiƙarki shi ne kin ɗauki dukkan shara a matsayin abu ɗaya, kina auna kanki da cikar kwando, alhali allura ɗaya da aka jefar a bola ta fi buhu guda na ɓawon albasa haɗari nesa ba kusa ba. Da zarar kin jera sharar gidanki bisa illarta, za ki ga cewa wasu abubuwan da ke hana ki barci ba su kai a damu da su ba, wasu kuma da ba ki ambata ba su ne ya kamata a fara da su.

Matar da ta fi shahara da wannan kwalba ita ce Bea Johnson, Bafaranshiya mazauniyar Kalifoniya a Amurka, kuma ba na musun ƙoƙarinta. Sai dai kwalbar ba ta nuna miki cewa ruwan famfon gidanta ana shan sa kai tsaye, wutar lantarki ba ta ɗaukewa balle abinci ya lalace a firji, akwai kantunan da ake zuwa da mazubi a auna wa mutum kaya, sannan akwai motocin da ke kwashe kwalabe da takardu don sake sarrafawa, waɗanda duk ba sa shiga lissafin kwalbar. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya a ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana fitar da shara kilo 0.46 a rana, shi kuwa na Arewacin Amurka kilo 2.21. Wato tun kafin ki fara komai, sharar irinmu kusan kashi ɗaya cikin biyar ce ta tasu. Matsalarmu ta fi karkata ga rashin kwashewa, da ƙonawa a tsakar gida, da zubawa a kwata.

Zan fara da ruwa, domin nan ne na fi jin tsoron a gudu ba a tsira ba. Idan mutum shida a gidanki suna shan lita biyu-biyu a rana, lita 12 ke nan, wato ƙullin ruwa 24 na rabin lita, fiye da jaka guda mai 20, kuma a wata ya kai leda 720. Na san ganin wannan tarin yana da ɓacin rai. Amma kada ki daina sayen ruwan leda sai kin tanadi wani ruwan da kika tabbatar da tsaftarsa. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Gidan da ke da jariri da tsohuwa mai ciwon sukari ba gidan da za a yi gwaji da ruwan rijiya ko na 'yan garuwa ba tare da tacewa da kashe ƙwayoyin cuta ba ne. Kwana uku a asibiti da ledojin ƙarin ruwa da sirinji da safar hannu sun fi sharar da kike gudu, ba a ma zo maganar rai ba.

Hanyoyin ragewa suna nan, amma kowace da kuɗinta ko wahalarta. Babbar gorar ruwa mai lita 19 da ake mayarwa a sake cikawa tana maye gurbin ƙulli 38, idan aljihu zai iya kuma kamfanin yana da lambar NAFDAC. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, sai dai yana cin gas ko gawayi. Maganin kulorin na ruwan sha da ake sayarwa a kemis ya fi araha, muddin an bi awon da ke jikin kwalbar kuma an jira minti 30 kafin a sha. Akwai kuma shanya ruwa a gorar roba mai haske a cikin rana tsawon awa shida, wanda ke aiki idan ruwan garau yake kuma sararin sama ba hadari. Wani abin da mutane ke mantawa shi ne, ruwa mai tsafta yakan gurɓata a randa idan kowane yaro yana tsoma moɗa da hannunsa, don haka bokiti mai murfi da famfo a gindi ya fi. Idan duk wannan ya fi ƙarfinki a yanzu, ci gaba da sayen ruwan leda ba tare da jin kin yi laifi ba. Ki rataye buhu kusa da inda ake sha, kowa ya jefa ledarsa a ciki, ki tambayi 'yan jari bolan unguwarku ko suna karɓa idan ta taru kuma ta bushe. Leda 720 a cikin buhu ɗaya da leda 720 a warwatse a layi ba abu ɗaya ba ne.

Abin da ba ki ambata ba kuma ya fi tsaya mini a rai shi ne allurar Hajiya surukarki, idan tana cikin masu yin insulin a gida. Kada sunan rage shara ya sa a maimaita allura ko tsinken gwajin jini, kuma kada a jefa su cikin kwandon gida. Ki samu galan mai kauri da murfi, a riƙa jefa su ciki nan take, idan ya kusa cika a ɗaure bakin da kyau a kai cibiyar lafiya mafi kusa a roƙe su su haɗa da nasu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin juji da safe ya ga yara suna tona shi da hannu, wasu ba ko takalmi. Haka nan tsohon batirin babur ko na sola, wanda ke ɗauke da dalma. A mayar da shi wurin masu sayar da batir, kada a fasa shi a gida kuma kada yara su yi wasa da shi. Abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400, daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ya samo asali, amma ya nuna mana abin da dalma ke yi wa jikin yaro ƙarami. A nan ma ya kamata in ja hankalinki cewa sake amfani da mazubi yana da iyaka. Kwalbar fiya-fiya ko ta maganin feshin gona ba ta zama ta man gyaɗa ko zoɓo komai wankin da aka yi mata, kuma zuba kananzir a gorar lemo yana cikin hanyoyin da yara ke shan sa bisa kuskure.

Sai ƙonawa. A gidaje da yawa an mayar da leda abin hura gawayi, saboda tana kamawa da sauri kuma ba a saye ta ba, har wasu na ganin wannan ma rage shara ne. Hayaƙin roba yana ɗauke da sinadarai masu cutar da huhu, wasu nau'o'in roba kuma, musamman irin wadda ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ita, suna fitar da guba mai suna dayoksin idan aka ƙone su. Mai hura wutar tana sunkuye a kan kurfoti, sau da yawa da goyo a bayanta, don haka ita da jaririn ne ke fara shaƙa. Idan aka ce in zaɓa tsakanin ki daina karɓar leda a kasuwa da ki daina ƙona ta a tsakar gida, ba zan yi jinkiri ba wajen zaɓar na biyu. Busasshen kara, ko takarda, ko ɓawon gyaɗa sun isa hura wuta.

Ita ma kwata haka. Al'adar nan ta jiran hadari ya haɗu a fito da shara a juye a magudanar ruwa, wai ruwa ya tafi da ita, ita ce ke dawowa ta shiga ɗakunan na ƙasa da mu. A Akara, babban birnin Gana, ambaliyar ranar 3 ga Yuni, 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai, ta kashe mutum kimanin 150, kuma toshewar magudanan ruwa da shara na cikin dalilan da aka bayyana. Ledar da iska ta kwasa kuma takan ƙare a cikin tumbin akuya ko saniya. Mahauta sun san wannan sarai, domin sukan yanka dabba ramammiya su tarar da dunƙulen leda a cikinta.

Idan kuwa nauyin kwandon ne ke damunki, to ki leƙa cikinsa da kyau, za ki tarar mafi nauyinsa ragowar abinci ne da ɓawo da ƙasar shara. Leda tana da cika ido amma ba ta da nauyi. Wancan rahoton na Bankin Duniya ya nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na sharar yankinmu abin da ke ruɓewa ne, sannan Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kashi 60 cikin 100 daga gidaje. A wannan fannin ba mu buƙatar koyo daga kowa, domin iyayenmu mata sun riga sun gama tsara shi. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe, ƙanzon tukunya a shanya a ajiye, ƙasari da dusa su tafi wurin awaki, tumatir idan ya yi araha a yanka a shanya ya zama kauɗa, kuɓewa ma haka, toka kuwa ta wanke tukunya. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna shigowa da jakuna da mangala suna kwashe sharar gari su kai gona ta zama taki, kuma abin da ya rage wa wannan taki daraja a yau shi ne ledar da ta cakuɗe da shi. Saboda haka rarrabewar da nake ba ki shawara guda ɗaya ce tak, wato abin da ke ruɓewa a bokiti ɗaya, abin da ba ya ruɓewa a wani. Kada ki ɗora wa kanki kwanduna biyar masu launi daban-daban irin na bidiyo. Na ruɓewar ki ba maƙwabciya mai kiwo, ko mai lambu, ko ki haƙa ɗan rami a bayan gida idan akwai fili. Don adana kayan miya ba tare da firji ba, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana aiki sosai a lokacin rani, ƙarfinta kuma yana raguwa da damina saboda laimar iska.

Ko a abincin ma akwai inda dole a haƙura a zubar. Shinkafar da ta kwana a zafin bazara ba wuta tana iya ɗaukar gubar wata ƙwayar cuta da ɗumamawa ba ta kashewa. Irin wannan ba a ba yaro, ba a ba mara lafiya, kuma ba a miƙa wa almajiri da sunan sadaka. Gyaran yana wurin awo, a rage gwangwani ɗaya gobe, idan kuma an ga za ta ragu a bayar tun tana da zafi.

Maganar famfas ita ce na ga ta fi ci miki rai, kuma ita ce na fi ganin kin matsa wa kanki. Nafkin ba kyauta ba ne. Yana cin ruwan da ake saye a jarka, da sabulu, da lokacin macen da ta wuni tsaye a aji ta dawo ta tarar da girki da jinya da duba littattafan ɗalibai. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Abin da na ga ya ɗore a gidaje shi ne haɗawa, nafkin da rana idan kina gida ko ranakun hutu, famfas da dare, da tafiya, da lokacin da yaro ke gudawa, da tsakiyar damina sa'ad da shanya ba ta bushewa. Ko nafkin biyu kacal kika yi amfani da su a rana, famfas 60 ke nan ba su je bola ba a wata. Abin da ya fi yawan famfas ɗin muhimmanci a wurina shi ne yadda ake zubar da shi. A kakkaɓe kashin a masai tukuna, a naɗe, a ɗaure a leda, sannan a sa a shara inda kare da kaji ba za su tone ba. Kada a jefa shi cikin shadda, domin ba ya ruɓewa, yana cika rami da wuri kuma yana toshe bututu. Ga amfanin ledojin da maigida ke shigowa da su ya samu. Nan da 'yan watanni kuma, idan yaron ya zauna da ƙarfinsa, sai a fara saba masa da fo kamar yadda aka saba a gidajenmu, wanda shi ne zai kawo ƙarshen maganar gaba ɗaya.

Game da maigida, ba na ba ki shawarar ki mayar da ledar cefane abin rigima. Ni kaina na taɓa kafa dokar hana leda a gidana, ina ji da ilimin da na samo a wani taro, ba ta yi wata biyu ba uwargida ta tambaye ni a cikin me zan riƙa kawo nama da manja, na rasa amsa. A wannan lokacin ne kuma na tsaya ina kallo mai kwasar shara ya juye kwandunan da muka wahala muna rarrabewa a cikin kura ɗaya. Nama da kifi suna buƙatar abin da ba ya yoyo, wannan ba gardama. Amma albasa da dankali da lemo ba sa buƙatar kowanne da ledarsa, don haka ki ninke jakar buhu irin wadda ake kira bakko, ko tsohon buhun shinkafa, ki sa masa a mota ko ƙarƙashin kujerar babur, ki bar shi ya saba a hankali. Kada kuma ki kashe kuɗi kan sababbin jakunkunan yadi don kawai a ga kin canza. Hukumar muhalli ta Ingila ta fitar da bincike a 2011 wanda ya nuna cewa sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta rama iskar ɗumama yanayi da aka fitar wajen yin ta, idan aka kwatanta da leda da aka yi amfani da ita sau ɗaya. Jakar da ta fi ita ce wadda take gidan tun da.

Ki kuma sani cewa akwai kason da ba naki ba ne. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas ta hana mazubin abinci na kumfa a Janairun 2024. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana shigowa da sayar da baƙar leda marar kauri tun 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ya san har yanzu a cikinta ake ƙulla masa kaya. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 9 cikin 100 kacal na dukkan sharar roba da duniya ta taɓa fitarwa aka sake sarrafawa. Idan gwamnati mai kwastan da 'yan sanda ba ta iya raba kasuwa da leda ba, ba adalci ba ne malamar makaranta mai goyo ta tuhumi kanta don omo da madara da magi duk a ƙunshe suke zuwa mata. Malamanmu na fiƙihu suna da ƙa'idar cewa idan ɓarna biyu suka haɗu kuma ba makawa sai an ɗauki ɗaya, a ɗauki mafi sauƙi, kuma a kan wannan na gina duk abin da na faɗa miki game da ruwa da famfas da allura.

Akwai leda guda ɗaya dai da zan roƙe ki ki raba gidanki da ita tun daga yau, ita ce wadda ake naɗe tuwo mai zafi a ciki, ko a ƙulla alale a jefa a tukunya, ko a zubo koko yana tururi. Zafi da maiƙo suna ƙara yiwuwar sinadaran roba su shiga abinci, musamman baƙar ledar da galibi daga tsohuwar roba ake yin ta kuma ba don abinci aka yi ta ba. Tuwo ya zauna a kwanon samira ko kula, alale a gwangwani kamar yadda aka saba, mai zuwa sayen koko da safe kuma a ba shi kofi mai murfi ya tafi da shi.